Ƙullin da Ke Bayan Bakan Baba

Na san abin da aka gaya muku game da idona na hagu. Ƙanananku sun ji cewa ɓarɓashin katako ne ya fallatso mini a wurin aiki. Manyanku kuwa sun ji ɗaya labarin a bakin gwaggonninku, wai ni na karya bakan kakanku a bainar jama'a don na je Makka na dawo ina ganin farauta aikin jahilci ce. Na farkon uwarku ce ta ƙirƙira don ta rufa mini asiri. Na biyun rabinsa gaskiya ne, don ni na karya bakan da hannuna. Dalilin ne ba a sani ba. Waɗanda suka san shi duk sun rasu sai ni, ba kuma sauran wanda maganar za ta kunyata.

Kakanku maharbi ne tun daga ƙauye. Gadin masaƙa ne ya kawo shi Makera, nan Kaduna, amma bai taɓa ajiye kwari da baka ba, har maharban da ke wannan ƙetaren kogin suka naɗa shi Sarkin Baka. Shekara da shekaru sarautar ba ta wuce tabarmar gaba da cinyar nama ba. Sai shekarar da masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Magidanta suka zauna a gida, sata ta yi yawa, unguwanni daga Kakuri har Barnawa suka koma neman maharba su riƙa yi musu sintiri. Nan da nan Sarkin Baka ya zama mutumin da ake aiko wa mota. A nan ne Wakilinsa, Ɗan'azumi, mutum mai bindiga da kaifin baki, ya fara lura da cewa Baba ya tsufa.

Maharban nan suna da wata al'ada. Bayan an kawar da amfanin gona, kafin kowa ya shiga daji, sukan taru a wani fili bayan Kamazou, a kifa ƙwarya a kan kututture, Sarkin Baka ya harba kibiyar farko. Bakan kuwa sai wanda ya sassaƙa da hannunsa. Shekarar da ya kasa, ko aka gane wani ne ya yi masa, shekarar ya sauka. Tsohon bakan Baba ya tsage a daminar nan. Akwai sandunan dargaza uku da ya saro shekara biyu kafin nan ya rataye a saman murhun Inna suna shan hayaƙi, to amma biyun masu kyau ya riga ya kyautar. Wadda ta rage tana da ƙulli kamar ƙwan zabo a bayanta, kusa da sama, inda wani reshe ya taɓa fitowa. Ya fitar mata da siffa da gizago tun da wuri. Saura ragewa da daidaitawa, sai hannunsa ya fara rawa.

Ni a lokacin na kafu a kasuwar katako ta Kakuri. Da ɗaukar katako a kafaɗa na fara, har na mallaki rumfa da inji. Ban gaji Baba a komai ba. Abin da na sani game da itace shi ne abin da mai saye yake so: ya zama miƙaƙƙe, sumul, ba tabo. Ƙulli a wurinmu aibi ne. In ka same shi ka goge shi, in bai gogu ba ka juya shi ya kalli bango.

Saura kwana tara taron, Inna ta zo rumfata da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba. Tana riƙe da wani dogon abu naɗe cikin tsohon zane. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, sai ta tsaya a bakin rumfa ta ce:

"Mai katako, zo nan."

Na kai ta bayan rumfa na ba ta benci. Ba ta zauna ba.

"Kullum da safe sai ya rufe ƙofa ya zauna da gizago," in ji ta. "Ina jin ƙwas, ƙwas, sai shiru. Jiya na leƙa. Ƙafarsa ya sara, ba itacen ba. Ya ɗaure da tsumma, ya ce mini tuntuɓe ne."

"To Inna, ya haƙura mana. Ya huta."

"Ya huta? Ɗan'azumi ya zauna a tabarmarsa yana raye? Ba ka san ubanka ba ke nan. Ya tafi jana'iza Rigasa, sai yamma. Ka ƙarasa wannan, in mayar in jingine inda yake. Ba zai tambaya ba, kai ma ba za ka faɗa ba."

"In aka gane fa?"

"Wa zai gane? Ni zan faɗa, ko kai?"

Na karɓa. In gaya muku gaskiya, har da jin daɗi na karɓa. Shekara arba'in Baba bai taɓa buƙatar abin da na iya ba.

Na sallami ma'aikata cin abinci, na kunna injin gugar katako da kaina. Na bi siffar da ya fitar, na rage kaurin hannuwan biyu har suka yi daidai, ina yi ina gwadawa da igiya. Aiki ya yi kyau. Sai wannan ƙullin, ya tsaya a baya kamar ƙurji a goshin amarya. Ban yi tunani sau biyu ba. Na ɗora shi a kan samfefa, cikin minti uku ya baje. Na shafa man kaɗe da baƙin tukunya don kada sabon wuri ya nuna. Da Inna ta dawo ɗauka ta shafa, ta ce Allah ya yi mini albarka.

Yadda ta faɗa haka aka yi. Baba ya dawo ya tarar da baka a jingine, bai tambayi kowa ba. Washegari aka gan shi a tsakar gida yana gasa shi a wuta yana shafa mai. Ya murɗa tsarkiya da fatar gada, ya naɗe wurin riƙo, ya kuma naɗe inda ƙullin yake da jijiyar saniya. Ni da na ga naɗin sai na ɗauka ado ne.

Akwai wani dattijo mai gadin layinmu a kasuwa, Baba Tanko, mutumin Kamazou ne, Gbagyi, shi ma ya yi harbi a ƙuruciyarsa. Yakan je gaishe da Baba. Saura kwana uku taron ya same ni ina lissafin kaya, ya tsaya a kaina bai yi sallama ba.

"Alhaji, na je gidan Sarki. Na ga baka."

"Ya yi kyau ko?"

"Sandar nan na santa tun tana rataye. Tana da ƙulli. Ina ƙullin?"

Na ce ban san zancen ba. Ya dube ni, ya dubi injin, ya dawo da ido kaina.

"Ni ba Wakili ba ne," ya ce. "Ba sarauta nake nema ba. Amma maharbi ba ya aske ƙulli a bayan baka, ko mahaukaci ne. Mai sayar da katako ne kaɗai zai yi wannan."

Ya sunkuya ya ɗauki wani ɗanyen reshe a ƙasa, ya lanƙwasa shi har bakinsa biyu suka kusa haɗuwa, bai karye ba. Sai ya zaro wuƙa ya ɗan karce bayansa, karcen da ko farce zai yi. Ya sake lanƙwasawa. Ƙas!

"Itace zare ne a haɗe. Zaren baya shi ke riƙe ja. Inda ƙulli yake, zaren kewaye shi ya yi ya wuce, kamar yadda ruwa ke kewaye dutse. In ka bar tudun, ƙarfi ne. Ka baje tudun, ka yanke zaren."

"To yanzu me zai faru?"

"Ranar da aka cika masa ja zai tashi. Kuma ba gaba yake tashi ba. Na saman nan fuska yake dawowa. Na ga wanda ya same shi a garinmu, da sanda ake jansa har ya mutu."

Na tambaye shi ko manne zai yi, ko ƙarfe, ko a sake naɗi. Ya ce naɗi yana jinkirtawa, ba ya warkarwa. Na ce a samo wata sanda. Ya ce ɗanya ba ta baka, busasshiya kuwa in akwai a Kaduna tana hannun maharba, ranar da na tambaya ranar Wakili zai ji.

Da la'asar na tafi Makera da niyyar faɗa wa Baba komai. Na tarar da shi a zaure da baƙi, cikinsu har da Ɗan'azumi, bakan yana jingine a bayansa. Na durƙusa na gaishe shi, na jira aka ɗan yi shiru.

"Baba, ina son ganinka a ciki. Batun bakan nan ne."

"Wane baka?"

"Wannan."

"Wanda na sassaƙa?"

Ya faɗe ta a hankali, idonsa cikin nawa. Ɗan'azumi ya daina taunar goro.

"Shi," na ce.

"Me ya same shi?"

"Ba komai. Cewa zan yi ya yi kyau."

"Alhajin katako ya fara sanin baka!" in ji Ɗan'azumi. "Sarki, ka yi hankali, kada ka wayi gari ya sayar da shi an yi ƙafar kujera."

Aka yi dariya. Na koma washegari da safe, ya ce yana lazimi. Na koma da yamma, ya aiko a ce mini in batun baka ne, ranar Asabar in zo in ɗauka masa kamar yadda aka saba. Na gane ba zai bari maganar ta fito daga bakina ba. In na ce na aske ƙulli, na ce ni na yi aikin, shi kuwa ya fi son komai a kan ya ji wannan a kunnensa. Na faɗa wa Inna. Ta ce in sace bakan in ƙone. Na ce makullin ɗakin a hannunta yake, wa za a tuhuma? Kuma Wakili zai cika gari da cewa Sarki ya ɓoye baka don ya kasa ja. Ta ce to in yi yadda zan yi, ita dai kada a dawo mata da miji makaho.

A kasuwa na koyi abu guda: in asara ta zama dole, ka zaɓi wadda za ka iya ɗauka. Kwana biyu ina juya abin, amsa ɗaya nake samu. Bakan nan zai karye. Abin da ya rage a hannuna shi ne a hannun wa.

Ranar Asabar da hantsi fili ya cika. Maharba da rigunansu na layu, karnuka, masu kiɗa, har da mutanen unguwanni da suka zo kallo a a-daidaita. Al'ada ce babban ɗa ya ɗauko kwari da baka ya bi bayan Sarki, in an iso ya durƙusa ya miƙa. Ba mai ɗora yatsa a tsarkiyar kafin Sarki. Wanda ya ja bakan Sarki yana raye kamar ya ce masa ka mutu in gaje ka ne. Ina tafe a bayan Baba ina kallon ɗingishin ƙafar da ya sara, bakan a hannuna.

An kifa ƙwarya. Baba ya ce rana na dukan idon jama'a ta wancan gefen, a matso da kututturen. Aka matso da shi. Ya ce a ƙara.

"Ranka ya daɗe, harbi za a yi ko fura za a sha?" in ji Ɗan'azumi. "In an ƙara matsowa ai sai a miƙa maka ludayi."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Baba bai kula shi ba. Ya gyara tsayuwa, ya karanta abin da yake karantawa, kiɗa ya tsaya. Ya miƙo hannu baya ba tare da ya waiwayo ba. Ina ganin yatsun suna rawa a iska.

Ban durƙusa ba. Na ja da baya taku biyu, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Bari in ga abin da ake ta wahalar da mutane a kansa!"

Na ɗaga bakan na kama tsarkiya. Na ji Baba Tanko daga cikin taro yana cewa "Alhaji!" Na yi niyyar kawar da fuska, amma wanda bai taɓa jan baka ba bai san yadda jan ke tafiya da kai ba. Ya yi tauri fiye da zatona. Na sa ƙarfin ɗaukar katako na shekara ashirin na finciko shi har bayan kunne. Na ji ƙara kamar an harba bindiga a cikin kaina. Sai ƙasa, da ɗumin jini, da haushin karnuka.

Da idon da ya rage na ga Baba tsaye a kaina, hannunsa har yanzu a miƙe. Ya sunkuya ya ɗauki guntun sama, ya juya ya fita daga fili da ƙafa. Ba wanda ya tare shi. Ranar Ɗan'azumi ya harba kibiyar farko, kafin sati ya zagayo aka shimfiɗa masa tabarmar gaba. Ba wanda ya ce Sarki ya kasa. Cewa aka yi ɗansa ya tozarta shi. Ni kuma abin da na saya ke nan, na san farashinsa tun kafin in ja.

Sati uku na yi a asibiti, idon bai dawo ba, na fito sanye da baƙin tabarau. Ƙannena mata suka daina shiga gidana. Maharba suka hana 'yan'uwansu sayen katako a wurina, a masallacin Makera in na shiga sahu na kusa da ni yakan matsa. Inna takan aiko da kunu a ɓoye, amma ba ta iya buɗe baki ta kare ni, ni ma na hana ta. Kowace Juma'a nakan je in durƙusa in gaishe da Baba. Yakan amsa da "lafiya", ya ci gaba da jan carbi. Wata huɗu muna haka.

Wata Juma'a bayan an sauko, na gaishe shi na yunƙura zan tashi, sai ya ce:

"Habu, zauna."

Ba kowa a zauren. Ya sa hannu ƙarƙashin buzu ya jawo guntun bakan, ya ajiye tsakaninmu.

"Injinka ne ko na haya?"

Na ce nawa ne.

"Tun ranar da na dawo daga jana'iza na sani. Yatsuna rawa suke yi, ba mutuwa suka yi ba. Shekara hamsin ina sassaƙa, a ce ban san itacen da aka aske wa baya ba?"

"To Baba, ka sani, kuma za ka ja?"

"Me kake tsammani na naɗa masa jijiya don shi? Kwana bakwai ina rufe ƙofa ina jansa kaɗan-kaɗan, kunnena a jikinsa. Na san inda yake fara kuka. Zuwa haɓa yana ɗauka. Kunne ne ba ya kaiwa. Shi ya sa na ce a matso da ƙwarya, na bar wancan ya yi ta haushinsa. Kibiya ɗaya tak nake nema a wurinsa."

A waje ana ta hayaniyar masu komowa daga masallaci. Na ce:

"Da kibiyar ta kai?"

"Allah ne masani. Wataƙila ta kai, wataƙila ya tashi a fuskata. Amma ni ya kamata in gano, ba kai ba. Baka nawa, ido nawa."

Har yau ban san amsar ba, kuma kada wani cikinku ya ce muku ya sani. Yana yiwuwa na ceci idon ubana. Yana yiwuwa na ƙwace masa sarautar da yake dab da riƙewa, na ba da ido a banza. Na ce masa na zo sau uku in faɗa. Ya ce ya sani, yana jin takuna a ƙofar gida.

"Da na bar ka ka faɗa, da na gaya maka," ya ce. "Ban iya ba. Wannan nawa ne, ba naka ba."

Ban taɓa jin Baba ya ɗauki laifi a gaban kowa ba, balle a gaban ɗansa. Na sunkuyar da kai don kada in ga fuskarsa.

"Cire tabaran nan," ya ce. "Matso in gani."

Na cire, na matsa. Ya ɗago hannu zai taɓa wurin, hannun ya yi ta rawa, ya bugi kuncina, ya bugi hancina, ya kasa samun inda yake nema. Sai na kama wuyan hannun da hannuwana biyu na riƙe masa shi, na kai yatsunsa kan fatar idon. Muna nan a haka har aka kira la'asar.